Gigin tsufa da shanyewar jiki: Binciken da aka yi a Shika bai iso kasuwar Sabon Gari ba

A watan Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da gwajin jini na farko da zai taimaka wa likita ya gane cutar Alzheimer, wadda ita ce nau'in gigin tsufa mafi yawa a duniya. Kafin nan sai an zuƙo ruwan ƙashin baya, ko an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa mai tsadar gaske, sannan a tabbatar da ita. Labarin ya zo ne bayan amincewa da sababbin magunguna biyu, lecanemab a 2023 da donanemab a 2024, waɗanda ba sa warkar da cutar, sai dai su ɗan rage mata gudu. Farashin da aka sa wa na farkon a Amurka Dala 26,500 ne a shekara. Idan aka lissafa Dala a kan Naira 1,500, kuɗin ya kusa Naira miliyan 40, wato albashin shekara 47 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000.

Duk wanda ya taɓa jinyar uba ko uwar da ta daina gane 'ya'yanta ya san dalilin da irin wannan labari ke jan hankali. Tambayar da ke ran kowa ita ce: shin akwai alamar da za ta nuna tun da wuri cewa ƙwaƙwalwar mutum ta kama hanyar lalacewa, tun yana da ƙarfin yin wani abu a kai? Amsar ita ce akwai. Kuma alama mafi ƙarfi a wajenmu ba a ɗakunan gwajin Amurka aka gano ta ba. Marasa lafiyar Zariya na cikin waɗanda aka tabbatar da ita a jikinsu, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tafiyar 'yan mintuna daga Samaru.

Daga 2014 zuwa 2017 aka gudanar da wani bincike mai suna SIREN a cibiyoyi 15 na Najeriya da Ghana, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da Farfesa Bruce Ovbiagele daga Amurka. Asibitin Shika yana ciki, inda likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi Reginald Obiako ya yi aikin, haka ma Asibitin Malam Aminu Kano. An ɗauki mutum 2,118 da suka gamu da shanyewar ɓarin jiki, aka tabbatar da ciwon nasu da hoton ƙwaƙwalwa, sannan aka haɗa kowannensu da wani mai lafiya tsaransa kuma jinsinsa, don a ga inda suka bambanta. Mujallar The Lancet Global Health ta buga sakamakon a 2018.

Abubuwa 11 da mutum zai iya gyarawa ne suka ɗauki nauyin kashi 98 cikin 100 na haɗarin. A cikinsu akwai ciwon suga da yawan maiƙo a jini da teɓa da ciwon zuciya da taba sigari da rashin motsa jiki da damuwa da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa da yawan cin nama da ƙarancin cin ganye. Amma hawan jini ya yi wa sauran fintinkau. Lissafin masu binciken ya nuna cewa da za a kawar da shi, da kusan tara cikin kowane goma na masu shanyewar jikin ba su kwanta ba. Matsakaicin shekarun majinyatan 59 ne, shekara guda kafin ma'aikacin gwamnati ya cika 60 ya ajiye aiki. Kusan ɗaya cikin huɗu ma bai kai 50 ba. Haka kuma kusan kashi ɗaya bisa uku jijiya ce ta fashe musu jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, adadin da ya zarce wanda ake gani a Turai nesa ba kusa ba, kuma shi ne irin wanda hawan jinin da aka bari ba magani ke haifarwa.

Binciken yana da iyakarsa, kuma ya kamata a faɗa. Waɗanda suka iso babban asibiti kawai ya gani. Wanda ya faɗi a Bomo ko Basawa aka kwantar da shi a gida har rai ya yi halinsa bai shiga lissafi ba. Batun nama da ganye kuwa ya dogara ne da abin da mutane suka tuna sun ci, wanda ba kullum yake daidai ba. Ban ga dalilin da mai tsire zai tayar da hankalinsa a kan wannan ba tukuna. Amma tazarar da hawan jini ya bayar ta fi ƙarfin a ce kuskuren lissafi ce.

Mai karatu zai ce ai shanyewar jiki daban, gigin tsufa daban. A idon jama'a haka ne, amma a cikin ƙoƙon kai hanyarsu ɗaya. Ƙwaƙwalwa na rayuwa ne da ƙananan jijiyoyin jini masu siririn gaske. Hawan jini na shekaru yana sa su kauri su ƙuntata, wasu su toshe ba tare da mutum ya ji komai ba. Idan babbar jijiya ce ta toshe ko ta fashe, sai a ga mutum ya faɗi rana tsaka. Idan ƙanana ne, ɓarnar takan taru a hankali, sai bayan shekaru a lura Alhaji ya fara rikita lissafin bashi, yana ba da canji sau biyu, ko ya tsaya a tsakiyar salla bai san raka'a ta nawa yake ba, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wani bincike da Dakta Rufus Akinyemi ya jagoranta a Kudu maso Yamma ya samu kusan rabin waɗanda suka tsira daga shanyewar jiki da raunin tunani wata uku bayan ciwon.

Ma'aikatan gwamnati suna da darasi na musamman a nan, domin a jikin takwarorinsu na Ingila aka samo ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi. A 1985 aka fara bibiyar ma'aikatan gwamnati 10,308 a Landan, a binciken da ake kira Whitehall II, ana auna su lokaci zuwa lokaci har suka tsufa. A 2018 aka bayyana cewa waɗanda lambar sama ta awon jininsu ta kai 130 ko fiye suna da shekara 50, haɗarin kamuwarsu da gigin tsufa ya fi na sauran da kashi 45 cikin 100. Ba a ga irin wannan alaƙa a awon da aka yi musu suna 60 ko 70 ba. Ma'ana, awon da zai faɗi makomar ƙwaƙwalwar ɗan fansho shi ne wanda aka yi masa yana mataimakin darakta, lokacin da yake jin kansa garau.

Ina muke a wannan awo? Wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a faɗin Najeriya, aka buga a 2021, ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na manya na da hawan jini, kimanin mutum miliyan 27 da rabi. Kashi 29 cikin 100 ne kacal suka san suna da shi, kashi 12 ke shan magani, waɗanda jinin nasu ya sauka yadda ake so kuwa ba su kai kashi 3 ba. A ɗauki wannan a shiga da shi kasuwar Sabon Gari, a bi layin 'yan atamfa ko na 'yan kayan masarufi. Ɗan kasuwa ya zauna a shago tun hantsi har magariba. Abincinsa daga mai abinci yake zuwa, miya ta sha dunƙule, a kora da lemon kwalba. Ga tunanin bashi, ga farashin da ke canzawa tsakanin sari da sayarwa. Idan kansa ya sara, ya aika yaro kemis. Idan an taɓa ce masa jininsa ya hau, ya sha magani na mako biyu, ya ji sauƙi, ya ajiye. Ba wauta ba ce: ciwon da ba ya zafi da wuya a ware masa kuɗi kowane wata, musamman tun daga 2023 da darajar Naira ta faɗi, kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa kai-tsaye a ƙasar nan, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo.

Ranar da abin zai faru kuwa, lokaci ne jari. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta harɗe: waɗannan alamu ne na a kama hanyar asibiti nan take, ko da sun wuce bayan 'yan mintuna, domin wanda ya wuce ɗin sau da yawa gargaɗin babban ne. Allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya tana aiki ne cikin sa'o'i huɗu da rabi, kuma ba a yin ta sai hoto ya nuna ba zubar jini ba ce. Shi ya sa ɗura wa wanda ya faɗi asfirin a gida ganganci ne a ƙasar da ɗaya cikin uku jini ne ya zuba masa. A gidaje da dama kuma kwanakin farko sukan tafi ne a kan zargin jifa ko shafar iska. Addu'a da tofi ba su taɓa hana ɗaukar mara lafiya a mota ba. Ana iya yin su a kan hanyar Shika.

Gigin tsufa shi kansa, saninmu a kansa a Arewa bai taka kara ya karya ba, kuma wani ɓangare na abin da aka sani ɗin daga Zariya ya fito. A 2011 Dakta A. J. Yusuf na sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Shika da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan tsofaffi 322 da ke zaune a gidajensu a Zariya. Sun samu kashi 2.79 cikin 100 da cutar, kashi biyu bisa uku na waɗannan kuma Alzheimer ce. Aiki ne na a yaba, domin ya shiga inda ba a saba shiga ba. To amma a mayar da kason zuwa mutane: kashi 2.79 na 322 mutum tara ne, masu Alzheimer shida. Wannan adadi ne ake yawan ambatawa idan ana maganar yankin da ke da mutane miliyoyi. Kuma bincike ne na gani ɗaya, kamar hoto. Zai iya faɗin nawa ne ke da ciwon a ranar da aka je, amma ba zai iya faɗin wane ne cikin masu lafiyar zai kamu nan da shekara goma ba. Hasashe sai da bibiya.

Ibadan ta yi wannan bibiyar. Daga 1992 masu bincike, ciki har da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie, suka riƙa bin tsofaffin Yarabawa a unguwar Idikan suna kwatanta su da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis na Amurka. Sakamakon 2001 ya nuna kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa a shekara, na Indianapolis kuwa kashi 3.24. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne ƙwayar gadon da ake kira APOE4, wadda a wajen Turawa babbar alamar haɗarin Alzheimer ce, amma a Ibadan tasirinta ya zo da rauni ƙwarai. Daga baya binciken ya nuna hawan jini na ƙara haɗarin, kuma ramar da ba a san dalilinta ba takan riga gigin bayyana. A 2023 ma ayarin da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gadon GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar karkarwa ta Parkinson a tsakanin masu asalin Afirka, wanda binciken da aka yi ta yi a kan Turawa bai taɓa nunawa ba. Abin da wannan ke nufi ga sabon gwajin jinin Amurka a fili yake: ma'aunin da aka saita a jikin wasu ba a ɗauka cewa zai faɗi gaskiya a jikin Bazazzagi sai an gwada. Na Ibadan ma ba lallai ya zauna daidai a Zariya ba, inda abinci da aure da zaman gida suka sha bamban.

Akwai wata matsalar da ta fi kusa da gida. Yawancin gwaje-gwajen tunani da likitoci ke amfani da su an tsara su ne don wanda ya yi boko: a ce ya zana agogo, ya kwafi wani zane da biro, ya faɗi kwanan wata na Bature. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalamin boko ba, wadda lissafin watanninta na Musulunci ne, za ta faɗi wannan jarrabawa alhali tana riƙe da adashin mata ashirin a ka. Masu binciken Ibadan sun gane haka, shi ya sa suka ɓullo da gwajin da ake jera tsinken ashana a maimakon zane, kuma binciken Zariya ya yi amfani da irin waɗannan. Sai dai akwai sauran aiki. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da idan aka magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa, kuma ƙarancin ilimi yana ciki, tare da raunin ji da raunin gani da buguwar kai da kaɗaici. Amma da shekarun makarantar boko ake auna ilimin. A ina za a sa alaramman da ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, yana tilawa kullum har ya kai 80? A takardar bincike yana iya faɗawa layin waɗanda ba su yi karatu ba. Ko haddar na kare ƙwaƙwalwa kamar yadda ake ganin boko na yi, tambaya ce da jami'ar da ke Samaru ta fi kowace jami'a a duniya damar amsawa, tun da ga birnin Zariya da zaurukan karatunsa a gefenta.

Kada a ce irin wannan aiki ya fi ƙarfin Arewa, domin an yi shi a kan yara masu sikila. An daɗe da sanin cewa na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa daga gefen kai tana iya nuna yaron da ke dab da shanyewar jiki: idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, haɗarin ya yi yawa. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara kowane wata, abin da ba zai yiwu ga yawancin iyalai a nan ba. Likitocin Kano, ciki har da Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada maganin hydroxyurea a kan yara 220 a Kano da Kaduna. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin ya rage shanyewar jikin sosai. An samu alama, an samu magani mai sauƙin kuɗi, an horar da ma'aikatan da za su yi awon. Haka ake son bincike ya ƙare.

Kwatankwacin wannan aka yi wa hawan jini a karkarar Chaina. A ƙauyuka 326, da mutum kusan 34,000, aka ba ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, horo da ikon ba da magani da bibiyar mutane har jininsu ya sauka ƙasa da 130 bisa 80. Bayan shekara huɗu, kamar yadda mujallar Nature Medicine ta buga a 2025, gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin 100 a ƙauyukan da aka yi aikin. Ba a yi amfani da wani sabon magani ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne Samaru ta fi kowa sanin yadda ake fitar da bincike daga ɗakin gwaji zuwa hannun talaka. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR ta fitar da irin masara na SAMMAZ da wake na SAMPEA da gyaɗa na SAMNUT, kuma jami'ar na da cibiya sukutum, NAERLS, wadda aikinta shi ne isar da sakamakon ga manomi ta hannun malaman gona da rediyo da ƙasidu cikin Hausa. Manomin Giwa ya san sunan irin da aka ƙirƙiro a Samaru. Ɗan kasuwar Sabon Gari kuwa, wanda wataƙila yayansa na cikin majinyatan da aka lissafa a SIREN, bai taɓa jin sakamakon ba. Binciken lafiya ba shi da malamin gona. Yakan ƙare a mujallar Turanci da ƙarin girma ga wanda ya rubuta, kuma ba laifin likitan ba ne shi kaɗai, tun da ba a ba shi kuɗi ko lokacin yin wancan aikin ba.

Kuɗin ma abin dubawa ne. Cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, NIH, su suka ɗauki nauyin SIREN a ƙarƙashin shirin H3Africa. Wanda ya ga yadda aka rushe hukumar USAID a 2025 ya san ba dabara ba ce a jingina sanin ciwon iyayenmu da kasafin wata ƙasa. TETFund na da asusun bincike na ƙasa, Jihar Kaduna na da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA, dokar NHIA ta 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowa. Ma'aunin da zan auna su da shi ɗaya ne: ko mai hawan jini zai samu ƙwayarsa kowane wata ba yankewa, a asibitin unguwarsu. Ƙungiyar 'yan kasuwa ma ba sai ta jira kowa ba. Na'urar awon jini ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba, kuma ƙungiyar da ke iya tara kuɗin masu gadi za ta iya ɗaukar ma'aikaciyar jinya ta zauna a ofishinta rana ɗaya a mako da littafin rubuta sunaye, muddin an shirya inda za a tura wanda aka samu jininsa ya hau.

Ita kuwa jami'a, abin da Landan ta gina a kan ma'aikatanta yana nan a ƙofarta. Tun 1962 take ɗaukar ma'aikata, daga farfesa zuwa masinja, da yawansu kuma da suka yi ritaya ba su yi nisa ba, suna nan Samaru da Hayin Dogo da Palladan da Zango. Asibitin jami'ar ya san su, ya auna jininsu suna da shekara 40 da 50. Idan aka nemi yardarsu, aka haɗa su da 'yan kasuwar Sabon Gari da tsofaffin cikin birni waɗanda karatunsu na allo ne, aka riƙa auna su da Hausa duk bayan shekara biyu, sakamakon farko mai amfani zai fito ne bayan kamar shekara goma. Lokacin, ma'aikacin gwamnati da ke da shekara 50 a yau yana cike takardun fansho.